Numfashin Mai Walda

A ƙungiyar dattawa masu ninƙaya, mutum huɗu ne suke shiga tseren karɓa-karɓa, kowa ya ja mita hamsin, kuma tun da aka kafa ƙungiyar Mai Walda ne yake rufe tsere. Hedimasta ya buɗe, Direba ya karɓa, na uku ya biyo baya, sannan shi ya faɗa ruwa ya gyara ɓarnar da suka yi. Haka yake faɗa musu a ɗakin canza kaya yana goge sanƙonsa da tawul, su kuma su ce ai dama sana'arsa ke nan, liƙe abin da wasu suka fasa.

Shekara arba'in da ɗoriya ya yi yana walda. Tankunan ruwa, ƙyauren gareji, gadajen asibiti, salansar mota, babu abin da bai ɗinke da wuta ba. Bayan hannuwansa duk ɗigo-ɗigon tabon tartsatsi ne, wuyansa kuma ya sandare ta dama saboda yawan karkata kai a bayan gilashin walda. Yanzu babban ɗansa ne yake riƙe da shagon. Shi dai yakan je da hantsi ya zauna a kan wata tsohuwar kujerar mota da aka jingine da bango, ya sha shayi, ya gaya wa ma'aikata cewa ɗinkinsu kamar tsutsa ce ta bi ta kan laka.

Ruwa kuwa tun yana ƙarami ya san shi, a wani rami da masu haƙar yashi suka bari ruwan sama ya cika. Amma ninƙayar gasa a masana'antar da ya koyi aiki ya same ta, domin suna da kwamin ninƙaya na ma'aikata da wani tsohon koci mai usur a wuya. Abu biyu kocin nan ya dasa masa. Na farko, kafin a busa usur ka cika tanki: ka ja iska da ƙarfi ka fesar, ka ja ka fesar, da sauri-sauri, har sai ka ji kamar kiyashi na bin yatsunka. Na biyu, in ka faɗa ruwa ka kafa kai ƙasa kada ka ɗago, domin duk numfashin da ka yi ka ba na kusa da kai kamu guda.

Abin ya zo masa daidai da sana'a. Mai walda in zai ja ɗinki mai kyau a jikin tanki, riƙe numfashi yake yi don kada hannu ya yi rawa. Da ƙuruciya yana cinye mita hamsin bai ɗago kai ba ko sau ɗaya. Da ya haura sittin ya yarda da numfashi ɗaya. Bayan saba'in ya koma biyu, su ma yana jin haushinsu.

A gasar dattawa akwai wata ƙa'ida da ba kowa ya sani ba. A tseren karɓa-karɓa ba a duba shekarun mutum ɗaya, haɗa na mutum huɗun ake yi. In jimla ta kai ɗari biyu da tamanin, ku kara da sa'o'inku. In ta gaza ko da ɗaya, a jefa ku rukunin ƙasa, cikin masu sauran jini a jika, su yi muku fintinkau. Da na ukunsu ya koma wani gari wajen 'yarsa, sai aka samu Soja, mutum mai ƙirji kamar ƙyaure, mara yawan magana, wanda sai bayan ritaya ya kama ninƙaya gadan-gadan. Hedimasta, shi ne shugaban ƙungiya, ya yi lissafi a tsaye: shi saba'in da ɗaya, Direba sittin da tara, Soja sittin da biyar, Mai Walda saba'in da shida. Ɗari biyu da tamanin da ɗaya.

"Da ƙyar muka tsallake," in ji Direba. "Kai tsoho, don Allah ka riƙa shan maganinka a kan lokaci. In ka mutu kafin gasa ka cuce mu."

"Ni zan binne ka, kai da motarka mai tari."

"A'a, gaskiya nake faɗa maka. Gudu dai muna da shi, ga Soja nan. Shekaru ne suka yi mana ƙaranci, kai ne rumbunmu."

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Amma maganar ta bi shi har gida ta tsaya masa a rai. Da Hedimasta ya fara kame-kame a kan cewa wataƙila bana a sake tsarin shiga ruwa, a ga wanda ya fi dacewa ya rufe tsere, Mai Walda ya gane inda aka dosa. A gwajin da suke yi tsakaninsu Soja yana riga shi taɓa bango, amma da ɗan yatsa ne kawai, kuma shi ya san ranar gasa wani mutum ne daban. Abin da yake so bai wuce ɗaya ba: ya ci gaba da rufe tsere, kowa ya san hannuwansa ne suka ba shi wurin.

Ana cikin haka wata Dakta daga jami'a ta zo neman dattawa masu ninƙayar gudu, tana bincike a kansu. Hedimasta ya ce to an huta da gardama, duk wanda na'ura ta ce ya fi ƙarfi shi zai rufe.

Da safe ta zo, ita da ɗalibanta, kwamin yana ta warin maganin ruwa, hasken rana yana shigowa ta tagogin sama. Mace ce siririya mai saurin magana. Ta tara su a kan benci ta yi musu bayani.

"Iyayena, jiki yana da ƙarfi iri biyu. Akwai wanda yake tafiya da numfashi, shi ne na doguwar tafiya. Akwai kuma wata 'yar ajiya a cikin tsoka, wadda jiki yake ƙonawa nan take ba tare da ya jira iska ba. Ita ce ta gajeren gudu, kuma ba ta daɗewa. Ita na zo in auna, in ga nawa ta rage muku, kuma da wane sauri take ƙarewa."

"Tawa matata ta cinye ta tuntuni," in ji Direba.

Ta yi dariya ta ci gaba. Za a ɗaura wa mutum bel a ƙugu, da igiya da ta tafi zuwa wata na'ura da aka ɗaure a dakalin tashi. Zai yi ninƙaya a wuri ɗaya, igiyar tana riƙe da shi, iya ƙarfinsa tun daga bugun farko, har daƙiƙa talatin. Na'urar za ta zana yadda yake jan igiyar. Bayan ya fito a tsaga masa fatar kunne kaɗan a ɗauki ɗigon jini, a auna tsamin da wannan ƙonawar take bari.

Ta auna musu hawan jini ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kansa ta tambaye shi ko yana jin jiri ko ganin duhu bayan gudu.

"Ko sau ɗaya, 'yata," in ji shi.

Ba gaskiya ba ne. Kusan shekara biyu ke nan, duk lokacin da ya taɓa bango a ƙarshen tsere sai gefen idanunsa ya yi baƙi, sautin mutane ya yi nisa, sai ya rungumi igiyar layi har abin ya wuce. Shi a wurinsa wannan alama ce ta cewa bai rage komai ba, kuma bai ga dalilin da zai sa ya ba Soja wannan labari a gaban jama'a ba.

Soja ya shiga ya ja igiyar kamar ingarma, ya fito yana haki. Hedimasta da Direba suka yi nasu. Da aka zo kan Mai Walda, aka ɗaura masa bel ya sauka cikin ruwa, sai kwamfutar ta ɗan tsaya, Dakta da ɗalibanta suka duƙa a kanta. Shi kuwa ya juya fuska ga bango ya shiga cika tanki. Ja, fesar, ja, fesar. Yau ya ƙara a kan na kullum, tunda ga lokaci ya samu. Abokansa uku suna zaune suna kallonsa, kuma babu wanda ya ga wani abu, domin shekara da shekaru haka suka san shi. Da wata ɗaliba ta ɗago za ta yi magana, Hedimasta ma cewa ya yi, "Ƙyale shi, 'yan mata, shiri yake yi."

Aka busa usur.

Bugun farko igiyar ta miƙe har ta yi ƙara. Ya ji ruwa yana tarwatsewa a gabansa, ya ji hannuwansa sun dawo na ɗan shekara talatin. Baƙin layin da ke ƙasan kwamin yana nan a wuri ɗaya ba ya motsi, amma bai damu ba. Ya yi niyya tun daga gida: ba zai ɗago ba ko sau ɗaya. Ƙirjinsa bai nemi iska ba, abin ya yi masa daɗi. Can sai hannun dama ya yi nauyi, na hagu ya biyo shi. Duhun nan ya taso daga gefen idanunsa kamar yadda ya saba, sai dai yau babu bangon da zai taɓa.

Abin da ya sani bayan nan shi ne sanyin tayil a bayansa, da tari, da ruwa yana fita ta hancinsa. Fuskar Dakta tana samansa, yatsunta a wuyansa. Soja yana durƙushe a gefe, jikinsa na ɗiga, har yanzu da igiyar a hannunsa. Shi ne ya fizgo shi da ita, ya faɗa ruwa ya ɗago kansa.

"Baba, kana ji na? Wane ne wannan?"

"Direba ne," in ji shi da ƙyar. "Wa zai manta wannan mummunar fuskar?"

Direba bai rama ba. Salati kawai yake ta yi.

Da ya dawo hayyacinsa aka lulluɓe shi da tawul biyu, abin da ya fara tambaya shi ne, "Me na'urar ta ce?"

Dakta ta dube shi kamar za ta yi faɗa, sai ta juyo masa da kwamfutar. Ga layi ya tashi tsaye kamar katanga, ya ɗan yi tafiya a sama, sannan ya gangaro, ya gangaro, ya faɗi ƙasa warwas kafin ƙarshe.

"Ka ga nan? A daƙiƙa biyar na farko babu wanda ya ja igiyar nan kamarka, har da Soja. Ban taɓa auna mai shekarunka ya kai nan ba."

Ya waiga ya dubi Hedimasta don ya tabbatar ya ji.

"Amma ka ga nan kuma. Daga sha biyar ka fara zubewa, a ashirin da shida ka tafi. Ajiyar tana nan, Baba, sai dai ta ƙanƙance, kuma in ta ƙare iska ce take karɓar aiki. Kai kuma ka hana ta shiga. Me ka yi kafin a busa usur? An ce mini kana ta jan numfashi."

"Cika tanki na yi. Tun kafin a haifi mahaifiyarki nake yin haka."

"Ba ya cika komai. Jininka dama a cike yake da iska. Abin da kake yi shi ne kashe ƙararrawar da take gaya maka ka numfasa. Sai iskar ta ƙare kai ba ka ji ba. Da a tsakiyar tsere abin nan ya same ka, babu igiya a ƙugunka, kowa yana ihu yana kallon nasa layin..." Ta rufe kwamfutar. "Laifina ne da na ɗauke ido. Amma na tambaye ka, Baba, ka ce mini ko sau ɗaya."

Ya sunkuyar da kai. Dakta ta sa aka kai shi asibiti a ranar. Aka duba zuciya aka ce lafiya lau take, daidai shekarunta.

Kafin ya isa gida labari ya riga shi, matar Direba ta buga waya. Ya tarar da matarsa a falo tana ninke kayan wanki, tana ninka riga ɗaya tana warwarewa.

"Sannu da zuwa, Malam. An ce da igiya aka jawo ka kamar guga."

"Mutane da ƙarin gishiri. Ɗan jiri ne."

"Tun yaushe?"

Ya zauna yana cire takalmi, ya daɗe a kan igiyar takalmin.

"Tun yaushe, Malam?"

"Ya ɗan kwana biyu. Duhu-duhu nake gani in na taɓa bango."

Ta ajiye rigar. "Ni ban taɓa hana ka ruwa ba. Lokacin da yara suke ƙanana kana fita da asuba ka bar ni da su, ban ce komai ba. Da ka bar shago na ce gara ruwan da zaman gida, kada ka ishe ni. Amma ban yi zaman shekara hamsin da kai don a kawo mini kai a jiƙe ba. In za ka shiga gasar nan, ka numfasa kamar kowane ɗan Adam. In ba za ka iya ba, ka faɗa mini yanzu in san abin da nake jira."

Washegari Hedimasta ya same shi a shago, a kan kujerar motar nan, ƙarar injin yankan ƙarfe ta cika wurin. Ya ja shi waje gindin bango.

"Na'ura ta ce ni na fi ƙarfi," in ji Mai Walda tun kafin a gama gaisawa. "Da kunnenka ka ji."

"Na ji. Na kuma ga an shimfiɗe ka a kan tayil. Mutumina, ni na ce wa yarinyar nan ta ƙyale ka. Kwana na yi ban runtsa ba." Ya cire tabarau ya goge. "Soja zai rufe. Kai za ka shiga na biyu, kuma duk bugu huɗu ka numfasa. Babu cika tanki. In na ga ka fara, da kaina zan je in ce mun janye."

"To ku nemi wani."

"Wa? Ka kawo mini mai saba'in da biyar da zai iya mita hamsin. In ka fita mun faɗa rukunin yara, Direba kuma ka san likita ya ce bana ce ta ƙarshe saboda kafaɗarsa."

"Ashe maganarsa gaskiya ce. Shekaruna kuke so."

Hedimasta bai iya ƙarya ba, shi ya sa ɗalibai suka ji tsoronsa shekara talatin. "Muna son ka, muna kuma bukatar shekarunka. Duka biyun. Ba zan ce maka babu na biyun ba."

Ya yi kwanaki bai leƙa kwamin ba. Ranar da ya koma, ya shiga layin gefe inda masu koyo suke, ya fara abin da ake koya wa yara a makon farko: juya kai a ɗauki iska. Ta dama wuyan ya ƙi juyawa sam. Ta hagu yana juyawa, amma sai kafaɗa ta nutse, ƙafafu su watse, ya sha ruwa. Duk numfashi sai ya ji kamar an taka masa birki. Ya ƙirga, a mita hamsin numfashi goma sha ɗaya yake yi, shi da yake jin haushin biyu. Soja yakan tsaya a ƙarshen layi ya ce, "Yaya, kada ka ɗaga kai, kwantar da kunne a kan hannu." Sai ya yi kamar bai ji ba, amma a zagaye na gaba ya gwada.

Ranar gasa zauren ya cika da jikoki da 'ya'ya da ƙarar lasifika. Matarsa tana zaune a layin gaba da jakarta a cinya. Yana tsaye a bayan dakali a ɗaya ƙarshen kwamin yana jiran Hedimasta ya iso, sai ya ji ƙirjinsa ya fara da kansa, ja, fesar. Ya rufe baki ya dafe ciki da hannu har abin ya lafa. A layin da ke kusa da shi akwai wani mai kanti daga wata ƙungiya, wanda ya yi shekaru yana kallon tafin ƙafar Mai Walda.

Hedimasta ya taɓa bango a na biyu. Mai Walda ya faɗa ruwa.

Rabin farko ya tafi kamar harsashi, har ya kamo na gaba. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, iska. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, iska. Da aka wuce tsakiya hannuwan suka fara nauyi daidai inda layin Dakta ya gangara. Ya juya kai ta hagu ya ga hular mai kanti a daidai ƙugunsa. Ya sake juyawa ya gan ta a kafaɗarsa. Saura mita goma. Ya san abin da zai yi ya tsere masa, jikinsa duk ya san shi: kafa kai, bugu goma sha biyu, bango. Ya yi huɗu. Ya yi biyar, ya yi shida. Sannan ya kwantar da kunne a kan hannu ya buɗe baki.

Mutum biyu suka wuce shi, ya miƙa wa Direba a na huɗu. Direba ya riƙe, Soja ya kamo mutum ɗaya a ƙarshe, suka zo na uku.

Wajen ba da lambar yabo mai lasifika ya karanto jimlar shekarunsu, sannan ya ce a tafa wa dattijon da ya fi kowa shekaru a wannan tsere. Zaure ya ɗauki tafi. Direba ya ɗaga masa hannu sama yana hawaye yana dariya. Mai Walda ya sunkuya aka rataya masa lambar, ya matsa kusa da Hedimasta.

"Nawa na yi?"

"Mun samu lamba, mutumina, bar zancen."

"Nawa?"

"Talatin da tara da 'yan kai."

Bara daƙiƙa talatin da biyar ya yi. Ya gyaɗa kai, ya tafi ya sa kayansa.

A wajen ajiye motoci matarsa ta karɓi jakar kayansa daga hannunsa, abin da ba ta saba yi ba. Suka yi 'yar tafiya tare.

"Ka ga duhun?" ta tambaya.

"Ban gani ba."

"To alhamdulillahi."

"Komai tar na gani," in ji shi. "Har ƙafar mai kanti na gani lokacin da ya wuce ni."

Ta gyara riƙon jakar. Ɗansu ya matso da mota, ya fito ya buɗe wa mahaifinsa ƙofar baya.